Ku Tambayi Kawu: Tamilawa da tarihin da suka rubuta a jikin dutse

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. A fitowar da ta wuce na ɗan ambaci maƙwabcina a nan Jidda, wani dattijo ɗan ƙabilar Tamil daga kudancin Indiya, nace harshensu ya kai shekara 2000 ana rubuta shi, layi biyu kacal na yi akai amma wlh saƙonnin da suka shigo sun fi na batun iƙama da aka saba yawa, toh shi ne nace bari mu ba abun shafin nan gaba ɗaya. Na taƙaita wasu tambayoyin saboda wuri, a yi mun haƙuri.

TAMBAYA: Kawu ina wuni, ya iyali ya zafi. Ni ina aikin wayarin ne a wani kamfani a Sana'iyya, akwai abokin aikina ɗan Tamil, Hindu ne, mutumin kirki wlh, shekara biyu yana jiran hutu ya samu ya tafi gida amma da ya dawo sai yake nuna mun hotuna a waya wai rabin hutun nashi a wani tsohon wurin bautarsu ya ƙare, shi da abokansa suna cire ciyawa da saiwar bishiya daga jikin gini suna ɗaukar hoton wani rubutu a bango. Nace mishi me aka rubuta yace tarihi. Kawu wane irin tarihi ne kuma ake rubutawa a bangon ɗakin bauta? Daga mai wayarin, Jidda.

AMSA: Lafiya lau ɗana, Allah ya yi wa sana'a albarka. Abokin nan naka bai yi maka ƙarya ba. Mu in an ce rubutu a wurin ibada tunaninmu addu'a ce ko aya, toh nasu ba haka yake ba, mafi yawan abun da ke jikin bangon nan lissafi ne, wane ya bada gona, wance ta bada zinare nauyi kaza, an yafe wa ƙauye kaza haraji, an haƙa tafki, an yi rigimar iyaka an sasanta. Kace kundin alƙali ne da littafin ma'aji aka haɗa aka sassaƙa a dutse, kuma kusan kowanne yana farawa da sunan sarki da shekarar da yake ciki a kan gadon sarauta, da haka ne masana suka iya jera sarakunan ɗaya bayan ɗaya.

Bari in baka misali da babban cikinsu. A garin Tanjabur, jihar Tamil Nadu, akwai wanda sarki Rajaraja na gidan sarautar Chola ya gina aka gama a 1010, tsayin hasumiyarsa ya haura mita 60, da dutse mai tauri zalla, alhali yankin fadamar kogin Kaberi ne babu irin wannan dutsen a kusa sai da aka jawo shi daga nesa. UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1987. Amma ni ba tsayin ne yake burge ni ba, rubutun da ya zagaye gindin ginin ne. An rubuta kyautar sarki, an rubuta ta yayarsa Kundabai, sannan aka sauko kan ma'aikata, mata masu rawa 400 kowace da sunanta da gidan da aka bata da garin da ta fito, makaɗa, teloli, masu gadi, masu lissafi, kowa da yawan shinkafar da ake auna masa a matsayin albashi. Har makiyaya suna ciki. Mutum zai bada tumaki 90 ko 96 a damƙa wa makiyayi, shi kuma kullum ya kawo man shanu na kunna fitila guda ɗaya, kuma a rubutun nasu suna kiransu tumakin da ba sa mutuwa ba sa tsufa, ma'ana in wata ta mutu 'yarta ta maye gurbi, adadin baya raguwa. Duk wanda ya san yadda waƙafi yake aiki a nan Makka da Madina zai gane tsarin nan take. Ka duba fa, shekara 1000 da wani abu, sunan talaka makiyayi yana nan ana karantawa, mu kuma da yawanmu in aka ce kawo sunan kakan kakanka sai a yi shiru.

Akwai kuma na wani gari Uttiramerur, wajen shekarar 920, zamanin sarki Parantaka, inda aka rubuta yadda ake zaɓen masu kula da gari. An raba garin unguwa 30, sai mai shekara 35 zuwa 70 mai gida da gona zai tsaya, a rubuta sunaye a ganye a zuba cikin tukunya a kira ƙaramin yaro ya zaro, kuma wanda ya taɓa riƙe amana bai kawo lissafi ba an hana shi tsayawa shi da danginsa na kusa.

Shi kuma cire ciyawar da kaga yana yi, aikin gayya ne da suka gada tun da, ba biyansu ake ba. Akwai wata bishiya dangin ceɗiya da tsuntsu ke yar da irinta a tsagin dutse, in aka ƙyale ta shekara goma saiwar sai ta raba dutsen gida biyu rubutun ya tafi. Tun wajen 1880 da wani abu hukumar kayan tarihi ta Indiya take kwafe rubutun nan, a jiƙa takarda a manna a jikin dutse a bubbuga da buroshi a shafa tawada a ɗaga, amma wuraren sun yi yawa, dubbai ne a jihar kaɗai, hukuma ba za ta iya kaiwa ko'ina ba, shi ya sa irin abokinka da wayarsa suke da amfani. Kace ina gaishe shi.

TAMBAYA: Salam Kawu. Ni haifaffiyar Makka ce, a Shari' Mansur na tashi, mahaifinmu Allah ya jiƙansa ya bar mana adaka cike da takardu rubutun hannu wasu Larabci wasu ajami, tun na kakanmu da ya zo a ƙafa. Kwanaki na buɗe naga wasu sun fara cinyewa, yayyena maza suka ce a ƙona kawai tunda akwai sunan Allah a ciki kar a wulaƙanta. Zuciyata bata kwanta ba. Da naga kace Tamilawa sun adana nasu shekaru masu yawa nace bari in tambaya ya suka yi. Daga wata Hajiya, Makka.

AMSA: Hajiya Allah ya jiƙan Baba ya kai haske kabarinsa, kuma dan Allah dan Annabi kar a ƙona, ki karanta wa yayyen naki wannan amsar. Niyyarsu mai kyau ce na sani, amma irin wannan niyyar ce ta kusa cinye tsohon adabin Tamil kaf.

Su a ganyen giginya irin tasu suke rubutu, a busar da shi a yanka a zana da tsinken ƙarfe sannan a goga baƙin fitila harafin ya fito, a huda a zura igiya. Ganye kuwa baya daɗewa kamar dutse, gara na ci zafi na karya shi, dole duk bayan wasu tsararraki a samu mai sake kwafewa, in aka rasa mai kwafewa shi kenan. Kuma suna da al'ada in littafi ya tsufa, saboda girmamawa sai a saka shi a wuta ko a jefa a kogi, kinga daidai da shawarar da aka baki.

Sai Allah ya kawo wani malami Swaminatha Iyer, an haife shi 1855 ya rasu 1942. Yana koyarwa a garin Kumbakonam a 1880 ya haɗu da wani alƙali mai son karatu, alƙalin ya tambaye shi tsofaffin littattafai, sai ya tarar duk iliminsa akwai waɗanda bai taɓa gani ba, abun ya tsaya masa a rai, daga nan ya shiga bin ƙauyuka a ƙafa da keken shanu gida gida yana roƙon a buɗe masa rumbu da saman ɗaki, wani gidan a kore shi wani gidan ace ai da ka zo bara mun zuba a ruwa. In ya samu kwafi uku ko huɗu na littafi ɗaya, wannan ya cinye a farko wancan a ƙarshe, sai ya zauna ya gwada su ya fitar da cikakke ya kai ɗab'i. Na farko ya fito 1887, ya ci gaba har tsufansa, waƙoƙin da aka yi kusan shekara 2000 da suka wuce waɗanda yau yara ke karantawa a makaranta yawanci ta hannunsa suka tsira, shi da wani ɗan garin Jaffna na ƙasar Siri Lanka mai suna Thamotharampillai. Har yau Kakan Tamil suke kiran Swaminatha Iyer, kuma akwai laburare da sunansa a Chennai.

Ɗaya darasin mai ɗaci ne. A 1981 lokacin rikicin ƙabilanci a Siri Lanka aka cinna wa babban laburaren Jaffna wuta, littattafai fiye da 90,000 suka ƙone, ciki har da na ganye waɗanda babu kwafinsu a ko'ina a duniya. An sake gina ginin amma abun da ke ciki ya tafi har abada. Tun daga nan Tamilawa suka riƙe abu ɗaya, kar a bar abu a wuri guda, shi ya sa da intanet ta zo suka yi caa akai, a 1998 wasu 'yan sa kai suka fara wani shiri mai suna Project Madurai suna buga tsofaffin littattafan a kwamfuta suna sakawa kyauta, da yawansu ma 'yan ci-rani ne irinmu.

Toh ga abun da zaki yi Hajiya. Ki wanke hannu ki busar, ki fito da su a hankali kar ki canza jerin da kika same su, domin irin takardunmu ba a ɗinke suke ba kuma ba lamba, kalmar da ke ƙasan shafi ita ke nuna na gaba. Ki sa wani cikin yara ya ɗauki hoton kowane shafi gaba da baya da rana ba da filashi ba, a tura wa 'yan uwa uku ko huɗu har da na gida Najeriya. Kar a manna salatif, kar a kai a yi musu laminatin, kar a ƙulle a leda. A naɗe a farin ƙyalle mai tsabta a ɗora a sama nesa da bango da ruwan AC. Sannan ki nemi dattijon da ya iya ajami tun yana da sauran gani, ya karanta da baki a ɗauki muryarsa, wannan ma ya fi komai gaggawa dan takarda za ta iya jira shekara biyar shi kuwa dattijon sai yadda Allah ya yi.

TAMBAYA: Kawu da girmanka, mu musulmi ne a ƙasa mai tsarki, meye namu da gidan gumaka har za a ɓata shafi akai? Daga ɗalibi, Madina.

AMSA: Ɗana na ji daɗin kishinka, Allah ya ƙara ilimi mai amfani. Babu wanda yace ka yarda da abun da suke bauta wa, ni ma ban yarda ba, kuma maƙwabcin nawa ya san haka muna zaune lafiya. Hukunci na malamai ne ka tambaye su gasu nan kewaye da kai. Ni dai abun da na sani Alƙur'ani a wurare da dama ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen na farko ya kasance, kuma a ƙasar nan ma Mada'in Salih tana cikin kayan tarihin duniya na UNESCO tun 2008.

Sannan ba duka Tamilawa ne Hindu ba, akwai miliyoyin musulmi a cikinsu, kana sallah sahu ɗaya da su a Harami baka sani ba. Garuruwan gaɓar teku irin Kilakarai da Kayalpattinam sun daɗe da musulunci ta hanyar fatake Larabawa, yankin da Larabawa ke kira Ma'abar, Ibn Battuta ma ya shiga birninsu na Madurai. Suna da nasu ajamin sak irin namu, Tamil da haruffan Larabci, sunansa Arwi, kuma ciwon da ke damun namu shi ke damun nasu, masu iya karantawa suna ƙarewa. Wani mawaƙinsu Umaru Pulavar a ƙarni na 17 ya tsara tarihin Manzon Allah SAW a baiti wajen 5000 da harshen Tamil. Tsohon masallacin Juma'a na Kilakarai in kaga ginshiƙansa na dutse, hannun magina ɗaya ne da na wuraren bautar can, dan su ne maginan ƙasar. Kaga in aka ce a share tarihin ginin dutse na Tamil an haɗa da na musulminsu.

Shi kansa Swaminatha Iyer da na ambata, littafin farko da ya ceto ba na addininsa bane, na mabiya addinin Jain ne, sai da ya je ya zauna gaban mutanensu suka fassara masa abun da bai gane ba. Bai bar addininsa ba kuma bai bar littafin ya mutu ba.

TAMBAYA: Kawu wai da gaske ne ana sace gumakan nan ana sayarwa Turawa da tsada? Wani ɗan Indiya a garejinmu yace har Ostireliya aka kai wani aka dawo da shi. Daga direban tirela, Yanbu.

AMSA: Da gaske ne ƙanina. Na zamanin Chola na tagulla ne, zubi ake yi da kakin zuma, a sassaƙa siffar da kaki a lulluɓe da yumɓu a gasa kakin ya narke a zuba narkakken ƙarfe, irin dai yadda maƙeran Benin suke yi, har yau akwai iyalai a garin Swamimalai da ke wannan sana'a. Wanda aka baka labari daga wani ƙauye ne Sripuranthan, wurin bautar ya daɗe a kulle ba mai shiga har aka kwashe kayan ba a farga da wuri ba. Wani dillali mai shago a New York, Subhash Kapoor, ya sayar wa gidan adana kayan fasaha na ƙasar Ostireliya a 2008 kan kimanin dala miliyan 5 da takardun bogi. An kama shi a Jamus 2011 aka miƙa wa Indiya 2012, a 2014 firaministan Ostireliya da kansa ya maido da kayan, a 2022 kotu a Kumbakonam ta ɗaure dillalin shekara 10.

Ka san me ya kama shi? Hoto. Akwai wata cibiyar bincike ta Faransa a garin Pondicherry na kudancin Indiya da ma'aikatanta suka yi shekaru suna zagaya ƙauyuka suna ɗaukar hoton kayan nan ɗaya bayan ɗaya suna rubuta inda suke, toh da aka ɗora tsohon hoton kusa da na Ostireliya magana ta ƙare. Waɗanda ba a taɓa ɗaukarsu hoto ba kuwa ko an gansu a kasuwa babu hujjar karɓowa.

Amma bari in faɗa maka abun da ya fi ɓarawo ɓarna a ganina, masu gyara ne. Bisa al'adarsu duk shekara 12 ake sabunta wurin bauta a yi biki, sai masu kuɗi su kawo gudummawa da zuciya ɗaya, a kawo inji a yi wa bango feshin yashi dan ya yi fes, rubutun shekara 800 ya goge a wuni ɗaya, a shafe tsohon zane da fenti, a manna tayil akan dutse mai rubutu, gyaran gangar Auzinawa kenan, garin neman gira a rasa ido. Abun ya kai har babbar kotun Madras, wato ta jihar Tamil Nadu, a 2021 ta fitar da umarni 75 kan yadda za a kula da wuraren nan. Wannan ɗin yana mun ciwo sosai dan ina tuna tsofaffin masallatan ƙasa na garuruwanmu masu bakan gizo da azara da aka rushe aka maye da bulo da kwano, kowa yana murna an samu ci gaba, ko hoto ɗaya ba a ɗauka ba, ga badalar Kano nan ma kullum raguwa take.

Tunda a Yanbu kake ga wani abu da zai baka sha'awa, a ɗaya gaɓar Bahar Maliya ta ɓangaren Masar, a tsohuwar tashar Ƙusair, an tono fasassun tukwane da sunayen Tamilawa a rubuce da tsohon rubutunsu na kusan shekara 2000, an samu irinsa a Oman ma kusa da Salala. Wato tekun nan da kake bi gefensa da tirela kakannin abokin garejinku sun riga mu saninsa.

TAMBAYA: Kawu yarana huɗu duk a Riyad aka haife su, in na yi musu Hausa da Larabci suke amsa mun, babbar ma kunya take ji a gaban ƙawayenta. Amma yaran maƙwabciyata 'yar Tamil yarensu suke yi raɗau. Meye sirrin? Daga Maman yara, Riyad.

AMSA: 'Yata wannan ciwon gidaje da yawa ne, har nawa. Abun da na gani a gidan maƙwabcina shi ne ba a wasa da abun, daga bakin ƙofa zuwa ciki Tamil ne, Larabci da Turanci a waje, kuma ba magana kaɗai ba har karatu da rubutu. Suna da wani tsohon littafin hikima Tirukkural, baiti 1330 a babi 133, kowane baiti layi biyu ne gajeru, a can jiharsu har cikin motocin bas na gwamnati ake rubuta shi, jikokinsa kuwa duk Juma'a sai sun kawo masa hadda ɗaya ya basu riyal. In watan Janairu ya yi tsakiya suna bikin girbi da suke kira Pongal, ko a falo ne sai an dafa shinkafa da madara an gaya wa yara dalilinsa. Yaro in yaga abun gidansu yana da daraja a idon manya ba zai ji kunyarsa ba.

Kar ki yi wa babbar faɗa, faɗa zai ƙara nesanta ta. Ki bata aiki. In kakarsu tana raye ki miƙa mata waya kice ta ɗauki hirar kaka, ta tambaye ta yadda aka zo, waye ya fara tasowa daga gida, ta ina aka bi, Maiduguri ne zuwa Fort Lamy, wato Njamena ta yanzu, zuwa Junaina, shekara nawa aka yi a Sudan ana noman auduga ana tara kuɗin jirgi, a Sawakin aka hau ko a Port Sudan, wa ya rasu a hanya a ina aka binne shi. Kaka ba za ta bada wannan labarin da Larabci ba, dole yarinyar ta nemi Hausar da za ta gane, in ta ci karo da kalmar da bata sani ba ta rubuta ta zo ta tambaye ki. Ki sa ta rubuta sunan kakar cikakke da ranar da aka yi hirar a jikin fayil ɗin, ta tura wa ƙannenta da 'yan uwa na gida. Karin magana ɗaya duk Juma'a kuma riyal biyar, ki gwada wata uku ki rubuto mun yadda aka yi.

Masu tambayar canjin kafili da sabunta iƙama na ga saƙonninku, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.